Gidan Uba: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Begen Kirista na Sama

Maganar sama ba ta cika tasowa ranar biki ba. A zaman makoki take tasowa, bayan an yi waƙa an yi addu'a, jama'a sun ragu, sai wani ya matso kusa da kai a kan benci ya yi ƙasa da murya. Ko kuma a cikin motar da ta ɗauko gawa daga Sakkwato za a kai ta gida, Zuru ko Kafanchan ko Langtang, tafiya ta miƙa, hira ta ƙare. Na daɗe ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a sashen Hausa na ikilisiyarmu, kuma a irin waɗannan wurare na tsinto tambayoyin nan. Wasu na 'yan ajinmu ne, wasu na zumuntar mata, wasu kuwa na maƙwabta da abokan aiki Musulmi, waɗanda muke zuwa musu gaisuwa su ma suna zuwa mana.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma inda koyarwarsu ta sha bamban da tamu zan faɗe ta yadda su suke faɗarta. Sunayen littattafai na bi na sabuwar fassara. Mai riƙe da tsohuwar ta 1932 zai ga Yohanna inda na ce Yahaya, da Ru'ya ta Yohanna inda na ce Wahayin Yahaya.

Sama, aljanna, Firdausi: wanne ne ainihin sunan?

Duka ukun ana jin su a bakin Kirista mai jin Hausa, sai dai sama ta fi yawa, domin da ita addu'ar da Yesu ya koyar ta fara, inda ake kiran Uba wanda yake cikin sama. Aljanna kalmar Larabci ce, ma'anarta lambu. Firdausi ma lambu ne, amma asalin kalmar daga tsohon harshen Farisa ta fito, inda take nufin lambun da aka kewaye da katanga, irin na sarakuna. Helenawa suka ara, Larabawa suka ara, har ta iso gare mu. Sau uku kacal ta fito a Sabon Alkawari: a bakin Yesu yana kan gicciye, a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sai kuma a sura ta 2 ta Wahayin Yahaya.

Akwai dattawan da ba sa son jin aljanna a majami'a, wai kada a gauraya. Ni ban ga laifinta ba. Allah, mala'ika, annabi, lahira, duk da mu da maƙwabtanmu muke faɗarsu. Bambancin yana cikin abin da kowa yake nufi in ya faɗa.

A ina take? Can bayan taurari?

Littafi Mai Tsarki yana kiran abu uku sama: inda tsuntsaye da gajimare suke, inda rana da wata da taurari suke, da kuma mazaunin Allah. Masana da dama suna ganin wannan na ƙarshe Bulus yake nufi da ya ce an ɗauke wani mutum zuwa sama ta uku. Tun 1961 'yan Adam suke fita sararin samaniya, a 1969 suka taka wata, ba wanda ya ci karo da ƙofa, kuma Kiristan da ya san littafinsa bai taɓa zaton za a ci karo da ita ba. Ranar da Sulemanu ya keɓe Haikali cewa ya yi sama da saman sammai ba za su iya ɗaukar Allah ba, balle ɗakin da shi ya gina. Istifanas kuwa, gab da za a jajjefe shi, ya ga sama a buɗe daga inda yake tsaye, kamar an yaye labule. Nisanta ba na kilomita ba ne.

In mai bi ya mutu yau, nan take yake isa, ko akwai jira?

Yawancin ikilisiyoyi cewa suke nan take. Hujjarsu ta farko ɓarawon nan ne da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar, ba gobe ba, ba bayan shekara dubu ba. Bulus ma ya gaya wa Filibiyawa yana ɗaure cewa ransa ya rabu biyu, yana son ya zauna saboda su, yana kuma marmarin ya tashi ya kasance tare da Almasihu, wanda ya fi masa nesa ba kusa ba. Shi ya sa a jana'izarmu ake cewa wane ya koma gida, ko yana tare da Ubangiji.

Akwai masu wani ra'ayin. 'Yan Adibantis, masu sujada ran Asabar, suna koyar da cewa matattu barci suke, ba su san kome ba sai ranar tashi, suna kafa hujja da yadda Yesu ya ce abokinsa Li'azaru da ya mutu barci yake. Sauran ikilisiyoyi suna amsa cewa jiki ne yake barcin.

Katolika sun yarda tsarkaka suna ganin Allah tun kafin ranar shari'a. Fafaroma Benedict na 12 ne ya zartar da haka a 1336. Sai dai sun ƙara da cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a ransa, sai an tsarkake shi tukuna. Wannan halin suke kira Furgatori. A wurinsu ba ƙaramar jahannama ba ce, ba kuma zarafi na biyu ba ne, domin duk wanda yake ciki ya riga ya tsira. Suna dogara da littafi na biyu na Makabiyawa, inda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu. Wannan littafi yana cikin 73 na Katolika, ba ya cikin 66 da muke riƙe da su, kuma daga nan gardamar ta samo tushe tun zamanin Martin Luther. Ranar 2 ga Nuwamba kowace shekara majami'unsu, har da babbar majami'ar Holy Family da ke nan cikin garin Sakkwato, suna addu'a musamman domin matattu. Mu kuwa godiya muke yi domin rayuwar mamaci, addu'ar kuma mu yi wa waɗanda ya bari.

To in ya riga ya isa wurin Ubangiji, mene ne kuma amfanin tashin matattu?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan yawancinmu muka tsaya rabin hanya. Mun saba tunanin cewa labarin ya ƙare da zarar rai ya fita ya hau sama. Amma duba shaidar bangaskiya da ake karantawa a majami'u, wadda aka tsara a Nikiya a 325 aka cika ta a Kustantiniya a 381. Ba ta rufe da cewa muna sauraron hawa sama ba. Da tashin matattu ta rufe, da rayuwar zamani mai zuwa.

Abin da Sabon Alkawari ya shimfiɗa mataki biyu ne. Na farko, mai bi ya mutu, yana tare da Almasihu, yana hutawa, ba ya shan wata wahala. Amma jikinsa yana kabari, kuma Allah bai halicci mutum don ya zauna ba jiki ba. Na biyu, Almasihu ya dawo, matattu su tashi, a yi shari'a, sa'an nan a sabunta sama da ƙasa. A sura ta 21 ta Wahayi, Yahaya bai ga mutane suna hawa zuwa birnin Allah, Sabuwar Urushalima, ba. Birnin ya gani yana saukowa daga wurin Allah, ya kuma ji murya tana cewa mazaunin Allah ya zo wurin mutane, zai zauna tare da su.

Nakan kwatanta wa 'yan aji da matafiyin da ya baro Sakkwato da yamma, dare ya yi masa, ya sauka gidan yayansa a hanya. An karɓe shi hannu biyu, ya yi wanka, ya ci, ya kwanta, ba abin da ya rasa. Duk da haka da sauran tafiya. Kwatancin bai cika ba, domin a nan Maigidan da ya sauke shi shi ne zai rako shi, kuma shi ne gidan. Da Yesu ya ce a gidan Ubansa akwai wurin zama da yawa, bai tsaya lissafa ɗakuna ba. Ya ƙarasa da cewa zai dawo ya ɗauke su, domin inda yake su ma su kasance. Bahaushe ya san wannan. Gidan da uba ya bari, ko ginin siminti ne, kango ake ce masa.

Da wane irin jiki za a tashi? Gurgu zai tashi gurgu?

Mutanen Koranti sun yi wa Bulus wannan tambaya, ya amsa musu da maganar gona a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari. Abin da ka shuka ba shi kake gani ya tsiro ba. Ƙwayar gero ɗaya ka jefa a rami, ga shi kara ya fi ka tsawo da zangarniya a kai, amma gero ne, ba dawa ba. Haka jiki: a shuka shi da ruɓa, ya tashi marar ruɓa, a shuka shi da rauni, ya tashi da ƙarfi. Kai ne dai, ba wani ba.

Samfurin da muke da shi jikin Yesu ne bayan tashinsa. An taɓa shi, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, amma kuma ya shigo ɗaki ƙofofi suna kulle. Ishaya ya yi maganar ranar da makaho zai gani, gurgu ya yi tsalle kamar barewa. Tsofaffin da suka san Amanawa, kusa da Sakkwato, tun lokacin da 'yan mishan na SIM suke jinyar kutare a can sun san nauyin wannan alkawari ga mutumin da cuta ta cinye wa yatsu. Abu guda dai yakan tsaya mini: Yesu ya tashi da tabon ƙusoshi a hannunsa, har ya nuna wa Toma. Ciwon ya tafi, shaidar ta zauna.

Wanda ruwa ya ci, ko aka kashe a daji ba a ga gawarsa ba fa?

Ba tambayar nishaɗi ba ce a wannan yanki, inda kwalekwale yakan kife da mutane a gulbi, 'yan bindiga kuma su tafi da mutum ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wahayi 20:13 ya ce teku za ta ba da matattun da suke cikinta. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya ba ya bukatar a ajiye masa ƙasusuwa a jere. Rashin kabari ciwo ne ga masu rai, kuma ciwo ne na gaske, amma bai rage wa mamaci kome ba.

Da gaske ne titunan zinariya ne, ƙofofi kuma na lu'ulu'u?

Haka Yahaya ya rubuta daga tsibirin Batmusa, inda aka kai shi zaman dole, wajen ƙarshen ƙarni na farko. Ƙofa 12, kowace lu'ulu'u guda, da sunayen kabilun Isra'ila. Harsashi 12 da sunayen manzanni. Garu kamu 144. Girman birnin kuwa, in aka juya ma'auninsa zuwa namu, ya kai wajen kilomita 2,200, wato kamar ka je Legas daga Sakkwato ka dawo. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne.

Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin. Wane gini ne a Tsohon Alkawari tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suke daidai? Wuri Mafi Tsarki na Haikalin Sulemanu, kamu 20 kowane gefe, ɗakin da babban firist kaɗai yake shiga, shi ma sau ɗaya a shekara. Yahaya yana faɗa wa masu karatunsa, waɗanda suka san wannan sarai, cewa birnin gaba ɗaya ya zama wancan ɗaki, kuma kowa yana ciki. Shi ya sa ya ce bai ga Haikali a birnin ba. Ba a bukatarsa.

Wasu suna ɗaukar ma'aunin da duwatsun yadda aka rubuta su, wasu suna ɗaukarsu hoto ne na abin da harshe ya gaza faɗa. Ba na faɗa da kowa a kai. Abin da nakan nuna kawai shi ne inda aka sa zinariyar: a ƙasa, ana taka ta. Wanda ya ga yadda mutane suke hallaka a ramukan haƙar zinariya a Zamfara ya san abin da wannan yake faɗa. Ƙofofin kuma ba a rufe su ko kaɗan, domin ba dare a can. Mu da muke garƙame ƙofa tun magariba, mu kasa kunne in kare ya yi haushi, wannan ayar ta fi mana lu'ulu'un daɗi.

Za a ci a sha?

Littafin cike yake da maganar biki. Ishaya 25 ya yi zancen liyafar da Ubangiji zai shirya wa dukan al'ummai, Yesu ya ce mutane za su zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci tare da Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Wahayi kuma ya ambaci bikin auren Ɗan Rago, wato Yesu, da itacen rai mai 'ya'ya sau 12, kowane wata da nasa. Ci na murna ke nan, ba na yunwa ba. Akwai kuma aya guda da nake ganin an rubuta ta da mutanen Sakkwato a zuciya, Wahayi 7:16: ba sauran yunwa, ba ƙishirwa, rana ba za ta buge su ba, ko wani zafi mai ƙuna. Karanta ta a watan Afrilu da tsakar rana, wuta ta ɗauke, randa ta yi ɗumi, ka ji yadda aji yake amsa amin.

Akwai aure a can? Zan koma wa maigidana?

Yesu ya amsa wannan kai tsaye. Sadukiyawa, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba, suka kawo masa labarin mace da ta auri 'yan'uwa bakwai bi da bi, duk suka mutu, suka ce to matar wa za ta zama? Ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa, kamar mala'iku ake. Nan koyarwar Kirista ta rabu da ta Musulunci a fili, kuma abokaina Musulmi sukan yi mamaki in na faɗa.

Ba kowa yake jin daɗin amsar ba. Wata Mama a zumuntar mata, da ta yi fiye da shekara arba'in da maigidanta kafin ya rasu, ta tare ni bayan aji ta ce, "Malam, wato in na gan shi sai in wuce kamar ban san shi ba?" Na ce, "A'a Mama, ba haka aka ce ba." Abin da zai ƙare shi ne igiyar aure da abin da aka ɗaura ta dominsa: haihuwa, gādo, tsaron juna daga kaɗaici da rashi. Inda ba mutuwa ba a bukatar magāji. Ƙauna kuwa, Bulus ya ce ba ta ƙarewa. Ba na tsammanin Allah zai mayar da shekara arba'in ɗin nan kamar ba a yi ba. Wata kuma da ke gefe, wadda ta sha wuya a nata gidan, ta ce ita dai wannan aya ta fi kowace kwantar mata da rai. Aka yi dariya, amma ba wasa take ba.

Za mu gane juna ke nan?

Duk alamun can suka nufa. A kan dutsen da kamannin Yesu suka sāke, Bitrus ya gane Musa da Iliya, mutanen da bai taɓa gani ba. A misalin da Yesu ya ba da na mai arziki da wani maroƙi mai suna Li'azaru, mai arzikin ya hango Ibrahim ya gane shi, ya kuma gane maroƙin da yake kwana a ƙofar gidansa. Bulus ya ta'azantar da Tasalonikawa da cewa za a haɗa su da matattunsu. Ina ta'aziyyar take in za a haɗu ba a san juna ba?

An ce mutum 144,000 kaɗai za su shiga. Haka ne?

Koyarwar Shaidun Jehobah ce, su ma cewa suke 144,000 za su yi mulki a sama, sauran masu adalci su zauna a duniya da aka gyara. Sauran ikilisiyoyi ba su karɓi wannan rabo ba. Adadin ya fito a sura ta 7 da ta 14 na Wahayi, 12,000 daga kowace kabila 12. Ka ci gaba da karatu kaɗan a sura ta 7 ɗin, za ka tarar da taro mai yawa da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe, tsaye a gaban kursiyin.

Me yake kai mutum can, bangaskiya ko aiki?

Wasiƙar Afisawa ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fariya. A wurin Kirista ba a sayen sama, Almasihu ya biya da mutuwarsa da tashinsa. Ɓarawon kan gicciye ba shi da ko aiki ɗaya da zai nuna. Hannuwansa ma a kafe suke.

To sai wani saurayi ya ce, "Baba, ashe sai in yi abin da na ga dama." Yakubu ya riga ya amsa masa: bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Yesu ya ce ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga ba. A Matiyu 25 kuma, da ya zana ranar shari'a, tambayoyin na abinci ne da ruwa da tufa, da baƙo, da majinyaci, da ɗan kurkuku. Ba a tambayi katin baiko ba, ba a tambayi ɗarika ba. Katolika da sauranmu mun yi ɗaruruwan shekaru muna jayayya a kan yadda za a jera waɗannan biyun, amma ba ɓangaren da yake koyar da cewa mutum zai ceci kansa, ba kuma wanda yake koyar da cewa mugun hali ba kome.

Lada kuwa akwai. Bulus ya ce za a gwada aikin kowa da wuta, na wani ya tsaya, na wani ya ƙone shi kuwa ya tsira da ƙyar. Amma akwai kuma misalin ma'aikatan gonar inabi, inda wanda aka ɗauka da la'asar ya karɓi daidai da wanda ya fara da sassafe. Na bar su biyun yadda Littafin ya bar su.

Jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba?

Uwa ce kullum take wannan tambaya, kuma ba a aji take yi ba. Da ɗan Dawuda ya mutu yana jariri, Dawuda ya ce yaron ba zai dawo wurinsa ba, shi ne zai je wurin yaron. Yesu ya ce a bar yara su zo gare shi, domin Mulkin Allah na irinsu ne. Ikilisiyoyin da ba sa yi wa jarirai baftisma, irin su Baptis da ECWA, dama ba su rataya ceton yaro a kan ruwa ba. A Katolika an daɗe ana zancen wani wuri na tsakiya domin irin waɗannan jarirai, amma bai taɓa zama tabbatacciyar koyarwa ba, kuma a 2007 kwamitin masanan tauhidi na fadar Fafaroma ya fitar da bayani cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin sa zuciya ga cetonsu.

Maƙwabcina ba Kirista ba ne, kuma ya fi Kiristoci da yawa kirki. Ina matsayinsa?

Ba zan ɓoye abin da Littafin ya ce ba. Yesu ya ce shi ne hanya, ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa, Bitrus kuma ya ce ba wani suna da aka bayar domin ceto. Ikilisiyoyin bishara suna fahimtar wannan da cewa dole mutum ya ba da gaskiya ga Almasihu a wannan rai. Katolika, a babban taronsu na Batikan na biyu, sun bayyana a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuwa neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto, kuma ko shi ta wurin Almasihu ne.

Abin da ba a ba ni ba, ba a kuma ba wani fasto ko fada ba, shi ne in kama sunan wane in yanke masa. Kujerar shari'a tana da mai ita, kuma Ibrahim ya ce Mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai. Ni da Alhaji maƙwabcina mun san abin da kowa ya gaskata, ba wanda ya yi wa wani ƙarya don a zauna lafiya. Ranar da mahaifiyata ta rasu, shi ya fara kawo tabarmi.

Masu cewa sun mutu sun je sama sun dawo fa?

Saƙonninsu suna yawo a WhatsApp: wata ta ga mata a wuta saboda 'yan kunne da ƙarin gashi, wani ya ga gidansa a sama an tsaya da ginin don bai cika zakka ba. A ƙarshe a ce ka tura wa mutum goma. Ni dai ga ma'aunina. Bulus, da ya yi zancen ɗaukewa zuwa Firdausi, ya yi shekara 14 kafin ya ambata, bai ko kama sunansa ba, ya ce kuma abin da aka ji a can ba a yarda mutum ya faɗa ba. Li'azaru, abokin Yesu, ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya tashe shi, ba a rubuta mana ko kalma ɗaya ta abin da ya gani ba. A misalin nan kuma Ibrahim ya gaya wa mai arziki cewa wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya tashi daga matattu ba zai rinjaye shi ba. Mutum yana iya yin mafarki da gaske, ya tsorata da gaske. Amma ba a gina koyarwa a kan mafarki.

Waƙa za a yi ta yi har abada? Ba za a gaji ba?

Matasa ne suke wannan tambaya, galibi bayan sujada ta kai ƙarfe ɗaya. Wahayi ya ce bayinsa za su yi masa hidima, za su ga fuskarsa, za su yi mulki. Ishaya ya ga mutane suna gina gidaje suna zama a ciki, suna dasa itatuwa suna cin 'ya'yansu, ba wanda zai shuka wani ya ƙwace. Tun a Adnin ma an ba Adamu aikin lambu kafin zunubi ya shigo. Wahalar ce ta zo daga baya. An kuma ce za a shigo da darajar al'ummai cikin birnin, taron nan kuma na kowane harshe ne. A karatuna, Hausa da Dakarci da Fulatanci da Zabarmanci ba za su tsaya a bakin ƙofa ba.

Yaushe?

Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. William Miller da mabiyansa a Amurka sun sa rai a 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, gari ya waye. A kan fyaucewar masu bi zuwa wurin Almasihu da mulkin shekara dubu na sura ta 20 ta Wahayi ikilisiyoyi sun rarrabu, kowa da jadawalinsa. A kan dawowar kanta ba su rabu ba.

Dole ne a kai gawa garinsu?

Ba dole ba ne, ba kuma laifi ba ne. Yakubu ya sa Yusufu ya rantse masa, ya kuma umarci 'ya'yansa su kai shi kogon Makfela, Yusufu ya bar wasiyya a tafi da ƙasusuwansa, Musa kuma ya ɗauke su ranar fita daga Masar. Son kwanciya kusa da iyaye tsohon abu ne. A ɗaya gefen akwai Monika, mahaifiyar Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, mutuniyar Afirka ta Arewa, wadda ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta a gida, ajali ya same ta a Ostiya ta ƙasar Italiya a 387. Ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, ta kuma taɓa cewa ba inda yake nesa da Allah, kuma ba ta tsoron zai rasa inda zai tashe ta.

Abin da yake damuna kuɗin ne. Na ga iyali sun ci bashin mota da na ajiyar gawa da na abincin kwana da kwanaki, aka dawo yara suka zauna gida zango guda ba makaranta. In akwai hali, a kai. In babu, kada dangin da ba za su biya ko sisi ba su matsa wa gwauruwa.

Wani dattijo a ikilisiyarmu, da ya zo Sakkwato aiki yana saurayi ya tsufa a nan, ya tara 'ya'yansa tun yana da ƙarfi ya ce a nan za a sa shi. Ƙannensa suka zo daga gida da mota, aka yi ta kai ruwa rana kwana biyu, a ƙarshe babbar 'yarsa ta fito da takardar da ya rubuta da hannunsa. A nan aka binne shi, da safe, kafin rana ta yi zafi, motar kuma ta koma da masu gaisuwa.